Ɗanyar Fata a Gindin Giya

Akwai wani mutum a Majidaɗi, cikin garin Jalingo, ana ce masa Baba Maishanu. Tsohon direba ne. Ya yi zamaninsa yana jigilar kifi da shinkafa tsakanin Lau da Jalingo, yanzu kuwa abin da ya rage masa a duniya shi ne tsohuwar fijo shuɗiya da baki mai kaifi.

Kullum da yamma za ku same shi a kan benci gaban mai shayin unguwa. Sai ya ɗaga hannunsa na dama sama kamar mai rantsuwa a kotu, ya ce:

"Kun ga hannun nan? Bai san neman taimako ba, bai san rawar tsoro ba. Ba a haifi wanda zai sa Maishanu ya ba da baya ba."

Da wannan hannu, in ji shi, ya taɓa shaƙe kada a kogin Binuwai har sai da ta yi tari. Da shi kuma ya tare motar katako a gangara ranar da birkinta ya tsinke. Dattawa in sun ji sai su ɓoye murmushinsu a cikin kofin shayi. Amma Zaid, shugaban 'yan sintirin unguwar, ya yarda da kowace kalma. Zaid ƙato ne mai zuciya ɗaya. Allah ya ba shi ƙarfi da yawa, ya rage masa tambaya.

To, ita fijon nan tana da ciwo. Fatar da ke rufe gindin sandar giya ta tsufa, ta tsattsage, ta zama kamar tsumma. Zafin inji da hayaƙi ta nan suke ɓullowa su doki ƙafar wanda ke gaba. Matarsa Uwani ta gaji da fitowa daga mota tana warin hayaƙi.

"Baban Hamna, ka kai wa Nathaniel mai ɗinkin kujerun mota mana. Jemammiyar fata yake sawa, kafin ka gama gaisawa ya gama."

"Ni? In je in tsaya gaban wani ya ɗinka wa sanda hula? Uwani, ashe har yanzu ba ki san wanda kike aure ba."

Sai ga Babbar Sallah ta zo. Aka yanka rago, aka feɗe. Uwani ta naɗe fatar ta ajiye don masu zagayawa karɓar fatun layya. Maishanu ya dubi fatar, ya dubi mota, ya sake duban fatar. Shaiɗan kuwa ya matso kusa ya gyara zama.

Ya ɗauko reza ya kankare gashin tas. Ya yanko da'ira mai faɗin faifai, ya huda tsakiya. Ya shiga mota ya murɗe kan giyar ya cire. Wannan kan giya ba na kamfani ba ne, na ƙahon sa ne, an sassaƙe shi an goge har yana ƙyalli, kuma duk Majidaɗi an san shi, domin Maishanu ya ce daga kan bijimin da ya kayar da hannu ɗaya ya ɓalle shi. Ya kwance ƙarfen da ke danne gefen tsohuwar fatar, ya fizge ta ya yar. Ya zura sabuwar ta saman sanda, ya ja ta ta ko'ina har ta ɗame, ya mayar da ƙarfen ya ɗaure tamau, ya shaƙe wuyanta da waya. Da ya zo mayar da kan giyar, sai ya ga wurin murɗawar ya cinye, ba ya kamawa. Ya naɗa leda a bakin sandar, ya ɗora ƙahon, ya buga da tafin hannu.

Uwani tana tsaye da wuƙar yankan nama a hannu tana kallo.

"Fatar nan fa ba a jeme ta ba. Ɗanya ce sharaf. Da irinta ake ɗaure ganga."

"Ke ki ji da soye-soyenki. Ganga daban, giya daban."

Gaskiya ranar abin ya yi kyau. Fata na da danshi, giya na shiga kamar cokali cikin man shanu. Ya zagaya unguwa yana kiran mutane su leƙa. Daga nan ya ajiye motar a ƙofar gida, ya rufe gilasai ruf don kada yara su taɓa masa aiki, ya shiga hidimar Sallah.

Ku da kuka san zafin ranar Jalingo kun san sauran. Motar ta kwana, ta wuni, ta sake wuni tana gasuwa. Fatar ta bushe, ta tsuke, ta ƙandare, ta riƙe sandar giya kamar mai bin bashi.

Ranar da ya tashi zuwa Lau, yana buɗe ƙofa wani wari ya mare shi. Ƙudaje suka fito suna yi masa sannu da zuwa. Ya taka kuloci ya tura giya, ta ƙi. Ya sa hannu biyu da kafaɗa, ta shiga tana ƙara.

"Sabon abu ne," ya ce wa kansa. "Zai saki."

Wani abu kuma da Maishanu bai taɓa faɗa a majalisa ba shi ne, birkin fijon nan sai an lallashe shi. Da giya ya saba rage gudu.

Ya bar gari, ya miƙi hanyar Lau. Can gaba akwai wata 'yar gangara, a ƙasanta akwai babbar tsamiya a bakin titi, inda matan rugagen wurin suke jera ƙwaryar nono da fura suna sayar wa matafiya. Yana gangarowa sai ga garken shanu yana tsallaka titi. Ya taka birki, birki ya ce bai san zancen ba. Ya kai hannu zai sauko da giya, fata ta ce ba inda za a je. Ya tattara ƙarfin da ya shaƙe kada da shi ya fizga.

Sandar ta faɗa giya ta biyu, amma ƙahon ya tsige a hannunsa. Hannun nan da bai san tsoro ba ya taso da ƙahon da komai ya naushi mai shi a baki. Leɓe ya fashe, haƙori ya girgiza, ƙahon ya yi tsalle ta taga ya faɗa ciyawa. Ya kauce wa shanu, ya nufi tsamiya.

Mata suka watse suna salati. Fijo ta bi ta kan ƙore, fas, fas, fas, ta yi wanka da nono, ta je ta dungure da tushen tsamiya ta mutu.

Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Wata tsohuwa ce kawai ta faɗi wajen gudu ta gurje gwiwa. Da Maishanu ya fito ya ce "ku yi haƙuri", da labarin nan bai zo wannan shafi ba. Amma ya fito yana tofar da jini, ya dubi matan, ya ce:

"Wane sakaran ne ya ce ku zauna a bakin titi? Titi na ubanku ne?"

A cikin matan akwai wata Furera, doguwa, siririya kamar kara, wadda ƙwaryarta ta gado ce daga kakarta, ga ta nan a ƙasa gutsu-gutsu. Ta sunkuya ta ɗauki rabin ƙwaryar da ta rage ta kwaɗa masa a tsakar ka.

Kamar an buga gangar yaƙi. Wannan da ludayi, wannan da takalmin roba, wannan da itacen da take korar kare da shi. Tsohuwar nan ma ta rarrafo da gurjajjiyar gwiwarta tana dukan ƙaurinsa da dutse. Suka yaga masa riga har cibiya. Ya kai hannu zai ture Furera, ta kama hannun ta murɗe, ta ɗane shi ta gartsa masa cizo a kunne har sai da haƙoranta suka haɗu.

Maishanu ya yi wata ƙara da shanun da suka wuce suka waiwayo.

Ya ba da baya, jama'a. Ba baya kaɗai ba, har da hula da takalmi ɗaya ya bari. Ya faɗa mota ya murɗa makulli, Allah ya taimake shi ta tashi. Ya danƙi tsirarar sandar giya yana neman ribas, bakin ƙarfen ya tsaga masa tafin hannu, giya ba ta motsa ba. Sai ya karya sitiyari, ya goga gefen motar da tsamiya, ya hau titi. A giya ta biyu ya dawo Jalingo, inji yana kuka, shi ma yana taya shi.

Kafin ya isa Majidaɗi ya tsaya a wani rafi ya wanke nonon da ke gaban mota. A nan ne kuma ya wanke gaskiya.

Da yamma aka ga Baba Maishanu a benci, kai a naɗe, kunne a naɗe, hannu a naɗe, leɓe kamar an hura. Unguwa ta taru.

"'Yan fashi," ya ce a hankali, yana kallon nesa. "A hanyar Lau. Sun tare ni da adduna. Na farko na kama shi na yi jifa da shi kan na biyu. Na uku ya kawo sara, na tare da tafin hannu, ga shi nan. Da suka ga ba za su iya da ni ba, sai ɗaya ya zura hannu ta taga ya tsige kan giyata don kada in bi su."

Zaid ya buga gora a ƙasa. "Ƙahon nan, Baba? Wallahi duk wanda na gani da shi sai uwarsa ta haifi wani."

Labari ya yi daɗi. Kowace yamma 'yan fashin suna ƙaruwa, addunansu suna ƙara tsawo. Mai shayi ya daina karɓar komai a hannunsa. Uwani ce kaɗai labarin bai ci ba. Ita ta wanke yagaggiyar rigar, ta kuma san cewa 'yan fashi ba sa yawo da kindirmo.

Shi kuwa ƙahon yana kwance cikin ciyawa, har wani makiyayi ya tsince shi. Sunansa Abbo, yayan Furera ne. Mutum ne mai kunya da sanyin magana. Da ya ji abin da ƙanwarsa da sauran mata suka yi, abin ya dame shi. Ko me mutum ya yi, a ganinsa, mai furfura ba abin duka ba ne. Ya ce zai mayar wa dattijon kayansa, ya kuma ba shi haƙuri. Direbobin hanyar suka gaya masa ai fijo shuɗiya mai kan giya na ƙaho ɗaya ce, a Majidaɗi take.

Ranar da Furera ta shigo gari tallan nono, ya biyo ta. Ta shiga layin baya da ƙwarya a ka, shi kuma ya nufi wurin mai shayi da rana tsaka. Ya yi sallama, ya ciro ƙahon daga aljihu.

"Don Allah, ina gidan mai wannan?"

Bai rufe baki ba gorar Zaid ta sauka a kafaɗarsa.

"Ɓarawo! Ga ɗaya daga cikinsu! Har gida ya biyo shi!"

Kun san yadda kalmar nan take a gari. Kafin ƙiftawar ido layin ya cika. Masu sanda, masu bel, masu dutse, har da wanda ya fito daga wanka da bokiti. Wanda bai san abin da aka yi ba shi ya fi kowa zafin hannu. Abbo ya faɗi, ya tashi, aka sake kayar da shi. Goshinsa ya fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya. Yana magana, Hausarsa tana tsinkewa tana komawa Fulatanci, ba mai saurare. Aka ɗaure masa hannuwa ta baya da igiyar shanya. Wani ya gangaro da tsohuwar taya. Wani ya ce a zuƙo fetur daga babur.

Liman ba ya nan, mai unguwa ya tafi gaisuwar mutuwa. Wani dattijo ne ya samu ya kutsa ya ce, "Ku tsaya! A kira mai kaya tukuna. In ya ce shi ne, to. In ya ce ba shi ba ne, kun ɗauki alhaki."

Aka je aka taso Maishanu daga barcin rana. Ya fito yana ɗingishi, Uwani na biye da shi da mayafi a hannu. Jama'a suka buɗe masa hanya kamar ango.

Ya ga ƙahonsa a hannun Zaid. Ya ga mutum a ƙasa, ɗaure, jina-jina, mutumin da bai taɓa gani ba tunda aka haife shi. Ya ga taya.

"Baba, dube shi da kyau," in ji Zaid. "Yana cikinsu?"

Kalma ɗaya ce tsakanin Abbo da wuta, kuma tana bakin Maishanu. Amma in ya ce a'a, za a tambayi mutumin inda ya samu ƙahon. In ya faɗa, za a ji zancen tsamiya. In aka ji zancen tsamiya, to kada ta tafi, motar katako ta tafi, bijimi ya tafi, bencin mai shayi ma ya tafi. Ya dubi idanun samarin da ke jiran jarumin unguwa ya yi magana.

Abbo ya ɗago kai da ƙyar. "Bappa, kayanka na kawo maka. Haƙuri na zo ba ka."

Maishanu ya kawar da kai.

"To... abin ya faru da sauri," ya ce. "Amma tsayin nan nasa... akwai mai irin tsayin nan."

Uwani ta ce, "Baban Hamna!" Ihun jama'a ya danne muryarta. Wani ya ɗaga taɓarya ya sauke a damtsen Abbo. Ƙarar karyewar ƙashin har Maishanu ya ji ta a cikin haƙoransa. Aka ɗaga taya za a rataya masa. Maishanu ya ce a ransa bari su ɗan huce tukuna, sai ya ce a kai shi wurin hukuma. Haka mai ƙarya yake, kullum yana jiran lokacin da gaskiya za ta yi arha.

Sai aka ji wata murya ta tsaga taron.

"Hamma! Hamma Abbo!"

Furera ce. Hayaniya ta jawo ta daga layin baya. Ta dire ƙwaryar nono a ƙasa, ta ratsa maza kamar wuƙa cikin kabewa, ta faɗa kan yayanta ta rufe shi da jikinta. Mai taya ya ja baya. Ta ɗago tana huci, idonta ya zagaya taron, ya sauka kan mai naɗaɗɗen kunne.

"Kai!"

Ta miƙe. "Wannan tsohon ne ya hau mana ƙore da mota a gindin tsamiya, ya zage mu. Mu muka dake shi. Mu mata! Hamma ba ya ma wurin, yana daji da shanu. Tsintar abin nan ya yi."

Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ƙarya take, 'yar'uwar ɓarawo ce. Zaid ya juya.

"Baba, ka san matar nan?"

Maishanu ya gyara tsayuwa, ya ɗaga naɗaɗɗen hannun nan na dama.

"Ni? Ban taɓa ganin ta ba. Mace? Mace ta taɓa Maishanu? Ku dube ta fa, iska ma sai ta ɗauke ta."

Furera ta koma wurin ƙwaryarta ta zaro ludayi. Ta ɗaure zaninta, ta nufo shi a hankali, ba gudu. Da ta zo kusa sai ta yage leɓe ta nuna masa haƙoranta.

Jiki ba ya ƙarya, jama'a, ko da baki ya yi. Ƙafafun Maishanu ba su nemi shawararsa ba. Ya daka tsalle ɗaya ya faɗa bayan Uwani, ya dafe kunnensa mai lafiya da hannu biyu, ya kwarma ihu:

"Ku riƙe ta! Ku riƙe ta, don Allah! Ita ce mai cizon!"

Tayar ta suɓuce daga hannun mai riƙe da ita, ta gangara ta faɗa kwata. Dattijon nan ya durƙusa yana kwance igiyar hannun Abbo, wani ya ruga neman keke mai ƙafa uku a kai shi asibiti. Masu duwatsu suka fara zubar da su a ɓoye ta bayan ƙafa.

Zaid ya dubi gorar da ke hannunsa, akwai jinin Abbo a jiki. Ya dubi ƙahon. Sannan ya taka a hankali ya zagaya bayan Uwani, inda jarumin Majidaɗi ke tsugune yana rawar ɗari da rana tsaka.

"Baba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kai da ba ka taɓa ganin ta ba, yaya aka yi ka san tana cizo?"

Darasi: Girman kai ne ya hana Maishanu neman wanda ya iya, shi ya hana shi cewa "ku yi haƙuri", shi kuma ya haifa masa ƙaryar da ta kusa cin ran wanda ya zo masa da alheri. Abbo ya tsira, amma hannunsa bai koma daidai ba. Ƙaryar da ka yi don a tafa maka, wani ne zai biya ta da jininsa. Kai kuma da ka ji an ce "ɓarawo", ka tambaya kafin ka ɗaga sanda, domin rai ba ya dawowa da "ashe ba shi ba ne". Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman mai bencin nan na unguwarku da ya taɓa shaƙe kada.